Kada Ka Tura Ko Sisi Sai Ka Ga Sunanka a CSCS

Kasuwar hannayen jari ta Najeriya ta yi tashin gwauron zabi a 'yan shekarun nan. A 2023 ma'aunin kasuwar ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin ɗari, a 2024 ya ƙara da wajen kashi 37, kuma a watan Janairun 2024 ne ya haye maki 100,000 karon farko a tarihinsa. Labarin nan gaskiya ne, kuma gaskiyarsa ce ta sa gargaɗin nan ba zai jira ba. Ɗan damfara yakan jira a sami labari mai daɗi wanda kowa ya ji a rediyo, sai ya laɓe a bayansa. Yanzu haka a majalisu, a shagunan cajin waya, a zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai da na matan unguwa, maganar saka jari ta zama ruwan dare, kuma mafi yawan masu tallar ba su da izinin karɓar ko naira ɗaya daga hannun kowa.

Masu saurarensu kuwa ba attajirai ba ne. Malamin makaranta ne da albashi ba ya kai shi tsakiyar wata, da ɗan fanshon da ya karɓi giratuti, da matar da aka raba gado aka miƙa mata tumunin takaba, da uwar adashen da kuɗin mata ashirin ke kwana a hannunta. Tsadar rayuwa ta nuna wa kowa cewa kuɗin da ke kwance a banki narkewa suke yi, kuma a nan ba su yi kuskure ba. Ɓarnar tana wajen hannun da ake miƙa wa kuɗin.

Ga maganar a dunƙule. Duk wanda ya sayi hannun jari a kasuwar Najeriya ta halastacciyar hanya, akwai wurin da aka rubuta sunansa, da kamfanin da ya saya, da yawan abin da ya saya, kuma wurin ba wayar wanda ya kawo masa talla ba ce. In ba ka ga sunanka a can ba, ba ka sayi komai ba, kyautar kuɗi ka yi.

Kasuwar, wadda yanzu ake kira NGX, tana Legas. An kafa ta a 1960, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978, a Kano kuma a 1989, don haka ba baƙuwa ba ce a Arewa, mu ne dai muka yi nesa da ita. Mutum ba ya shiga cikinta ya yi ciniki da kansa. Dole sai ta hannun kamfanin dillanci, shi kuma kamfanin sai yana da rajista da hukumar SEC mai kula da harkar hannayen jari, sannan yana da lasisin ciniki daga kasuwar. Idan ka je buɗe asusu wajen dillali na gaske zai ɗan wahalar da kai: lambar BVN, katin shaida, hoto, shaidar inda kake zaune, lambar asusunka na banki, sunan magaji. Kada wahalar nan ta ba ka haushi. Wanda ya ce ka turo kuɗi kawai, sauran bayani daga baya, shi ne abin tsoro.

Da waɗannan takardu dillalin zai buɗe maka asusu a CSCS, ma'ajiyar da ke riƙe da lissafin hannayen jarin jama'a tun da ta fara aiki a 1997. Za a ba ka lamba da ake kira CHN, taka ce kai kaɗai ko da dillalai uku kake hulɗa da su. Abin da ka saya a can yake zaune da sunanka, dillali ɗan aike ne kurum. Duk cinikin da ya yi maka sai ya ba ka takarda mai nuna rana, da adadi, da farashi, da la'adar da ya cire. Idan ka sayar kuma, akwai tsarin da aka fara a watan Janairun 2016 wanda ke sa kuɗin su wuce kai tsaye zuwa asusunka na banki ba tare da sun kwana a hannun dillali ba. Ka nemi a sa ka a ciki tun ranar farko. A ƙarshen Nuwamban 2025 an rage lokacin kammala ciniki daga kwana uku na aiki zuwa biyu. Ke nan mai ce maka an kulle kuɗinka sai bayan wata uku, ba hannun jarin kasuwa ya saya maka ba.

Babu mai hankalin da zai biya kuɗin fili a Rijiyar Zaki ya yarda a rubuta takarda da sunan dillali, wai ai mutumin kirki ne. Amma mutanen da ba za su taɓa yin haka da fili ba, su ne ke yi da miliyoyinsu a waya.

Abin da ake fara kama mutane da shi takarda ce mai hatimi. Za a turo maka hoton shaidar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ga tambarin gwamnati, ga lamba, a ce, "Alhaji, ka gani da idonka, gwamnati ta san da mu." Takardar CAC abu ɗaya take shaidawa: an yi wa sunan kamfani rajista. Mai gidan burodi yana da ita, mai sayar da tayil yana da ita. Ba ta ba kowa izinin karɓar kuɗin jama'a da sunan jari ba. Wannan izini a hannun SEC yake, kuma kala-kala ne: na dillanci daban, na juya kuɗin mutane daban, na ba da shawara daban. Kano ta ga wannan da idonta. A watan Fabrairun 2019 SEC ta garƙame ofishin wani kamfani mai suna Dantata Success and Profitable Company, bisa cewa yana karɓar kuɗin mutane da alƙawarin riba mai tsoka alhali ba shi da rajistar yin haka. Abin da ke ba ni takaici a duk lokacin da aka yi irin wannan rufewa shi ne, mutanen da ake ƙoƙarin cetowa su ne kan fara tsine wa hukuma, suna cewa hassada ce, ba a son talaka ya samu.

Haka aka yi lokacin MMM, wadda ta yi alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata. An yi ta gargaɗi ana toshe kunne, har ta daskarar da kuɗin mutane a Disamban 2016, ana dab da bukukuwan ƙarshen shekara. Daga baya hukumar NDIC ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan uku sun yi asarar wajen naira biliyan 18. An ɗauka an ji jiki an daina. Sai ga CBEX, ita kuma ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30 ta hanyar cinikin kirifto da wata na'ura mai basira ke yi. Masu tallata ta sun riƙa nuna takardar CAC da ta SCUML (sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram) ta wani kamfani da ke da alaƙa da ita, har sai da EFCC ta fito ta bayyana cewa takardar SCUML ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. SEC ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. A watan Afrilun 2025 mutane suka wayi gari asusunsu ba komai, a Ibadan fusatattu suka fasa ofishinta suka kwashe kujeru da na'urorin sanyaya ɗaki. Bayan wannan duka, aka ce wa waɗanda aka cuta su biya dala 100 ko 200 na tantancewa kafin a sakar musu kuɗinsu, kuma aka sami masu biya.

Ɗauki biro ka yi lissafin da ba a so ka yi. Naira 100,000 in tana ninkuwa kowane wata, cikin shekara guda ta zama naira miliyan 409 da ɗoriya. Cikin shekara biyu ta haura tiriliyan ɗaya da rabi. Cikin wata 30 ta kai tiriliyan 107, kusan ninki biyu na kasafin kuɗin gwamnatin tarayya na 2025. A lokacin da CBEX ta rushe, ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki yana kan kashi 27 da rabi ne, a shekara ba a wata ba. Mutumin da ya mallaki na'urar da ke ninka kuɗi kowane wata, me zai yi da dubu hamsin ɗin Hajiya? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ribar da aka biya na farko kuɗin na baya ce, kuma ranar da sababbin shiga suka ragu, ranar ce manhaja za ta fara cewa ana gyara.

Amma CBEX da ire-irenta suna da suna, jaridu na bugawa, hukuma na bin sawu. Ɓarnar da ta fi ba ni tsoro ba ta da suna ko ofis, a cikin gidajenmu take yaɗuwa. Ita ce "ba ni in juya maka."

Yaro ne mai natsuwa, ɗan gidan mutunci, ya yi karatu, ba ya fashin jam'i. Ya koyi cinikin hannun jari ko na kuɗaɗen waje a waya, ya ci riba sau biyu ko uku, ya nuna wa yayarsa allon waya cike da korayen lambobi. Ta ba shi dubu ɗari biyar. Ƙarshen wata ya turo mata dubu hamsin, ta ji alat, ta gaya wa kishiyarta da aminiyarta. Kafin wata shida kuɗin mutum talatin suna cikin asusu ɗaya mai sunansa, lissafin kuwa a wani littafi mai bango ja yake, ko a kansa. Sau da yawa yaron nan bai shiga da niyyar cuta ba. Kasuwa ce ta juya masa baya a wata na huɗu, kunya ta hana shi faɗa, sai ya ɗebi uwar kuɗin Baba ya biya ribar Inna, da fatan wata mai zuwa zai cike gurbin. Daga ranar da ya yi haka ya zama abin da MMM ta zama, ko ya sani ko bai sani ba.

Dubi matsayinki a nan, Hajiya. A idon CSCS da dillali da banki, dukiyar nan tasa ce. Idan ya rasu, cikin gadonsa za ta faɗa, sai kin yi shari'a da marayu. Idan ana bin sa bashi, ita za a kama. Idan hukuma ta rufe asusunsa, naki ya rufu. Idan ya ce an yi asara, ba ki da takardar da za ki ƙaryata shi, domin hoton allon waya ko yaron firamare zai iya haɗa shi. Kuma ba ki da ƙofar kai ƙara a kasuwar, tunda ba ta san da ke ba. Ga zumunci a tsakani, wanda zai sa a ce ki yi haƙuri, ƙaddara ce.

Wasu kuma da rigar addini suke zuwa, su ce nasu halal ne, ba kuɗin ruwa. To a tambayi malaman fiƙihu. A ƙa'idar ƙiradi, inda wani ya kawo dukiya wani ya kawo aiki, ana yanka rabon riba ne, rabi ko sulusi na abin da aka samu, kuma in an yi asara ba tare da sakaci ba, mai dukiya ne ke ɗauka. Wanda ya lamunce maka uwar kuɗi, ya kuma yanka maka dubu hamsin kowane wata ko an ci ko an faɗi, ya fita daga wannan ƙa'ida tun kafin a je ga dokar ƙasa. Mai neman jarin da ya dace da shari'a ba a rufe masa hanya ba. Gwamnatin tarayya ta fara sayar da sukuk a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, kasuwar tana da ma'aunin kamfanonin da aka tace bisa shari'a tun 2012, bankin Jaiz ma yana cikin kasuwar tun 2017. Dukkansu ta hannun masu rajista ake saye, da sunan mai kuɗi.

Shi kuma yaron, da duk mai jawo mutane don a ba shi kamasho, su san cewa doka ta canza. Sabuwar dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Maris na 2025, wadda ta maye gurbin ta 2007, ta haramta irin wannan tsari ƙarara, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun. SEC ta kuma ja kunnen fitattun mutane da masu mabiya a kafafen sada zumunta kan tallata jarin da ba shi da rajista. Ranar da abin ya fashe, masu manhajar suna wata ƙasa ko ba a ma san fuskarsu ba. Kai da ka kawo mutanen unguwa, kai za a tarar a ƙofar gida.

Akwai kuma masu aron suna. Za su ɗauki sunan kamfanin dillanci na gaske da tambarinsa, su buɗe shafi ko zaure, su ce ana sayar da hannun jarin wani babban kamfani a asirce kafin ya fito kasuwa, gurbi ya kusa cika. Sayarwa ta gaskiya ba a ɓoye ta. Lokacin da aka sayar wa jama'a hannun jarin MTN Najeriya a Disamban 2021, an buga komai a fili: guda miliyan 575, kowanne naira 169, mafi ƙarancin saye guda 20, ga ranar buɗewa ga ranar rufewa. Haka bankuna suka yi daga 2024 da Babban Banki ya umarce su su ƙara jari. Alama mafi sauƙin ganewa ita ce sunan da zai fito lokacin da za ka tura kuɗi. In sunan mutum ne, ko na wani shagon POS, ko aka ce ka sayi kirifto ka tura, tsaya nan. SEC tana da jerin duk masu rajista a shafinta na intanet, da irin aikin da aka yarje wa kowa. Rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi mahaɗin da mai talla ya turo maka. In ka ga sunan, kira lambar kamfanin ta ainihi ka tambaya ko sun san wanda ke magana da kai. Hukumar tana da ofis a Kano, ga wanda ya fi son ya ji daga baki.

Manhajojin sayen hannun jarin Amurka da na kirifto ma ba su fita daga wannan ba. Tun Afrilun 2021 SEC ta yi gargaɗi kan masu sayar wa 'yan Najeriya hannayen jarin waje ba rajista, daga baya wasu suka nemi lasisi suka samu. A Agustan 2024 ta ba Busha da Quidax amincewar farko ta gudanar da kasuwar kirifto. Kowace ce dai, ka duba sunanta a jerin kafin ka zuba kuɗi.

Kada kuma a ɗauka rajista laya ce. Kasuwa ta gaskiya ma tana cin mutum. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000, cikin shekara guda ya faɗo zuwa wajen 20,000. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu cin bashin banki su sayi hannun jari: jarin ya narke, bashin yana nan da kuɗin ruwansa. Don haka kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, kuɗin adashe da kuɗin marayu ba na kasuwar nan ba ne. Inshorar NDIC ta ajiyar banki ce, ba ta shafi hannun jari ba. Akwai asusun kare masu jari, amma laifin dillali yake biyan diyya a kai, shi ma da iyaka, ba faɗuwar farashi ba. Dillalai masu lasisi ma an sha kama wasu da taɓa dukiyar abokan hulɗa. A 2015 SEC ta dakatar da rukunin kamfanonin BGL, wanda a lokacin yana cikin manya, bayan ƙorafe-ƙorafen masu jari. Maganin wannan a hannunka yake. Kada ka sa hannu a takardar umarni da ba a cike ba. Kada ka ba kowa lambar sirrinka, ko ma'aikacin dillalin ne. Tabbatar lambar wayarka ce ke karɓar alat na ciniki, kuma lokaci-lokaci ka nemi bayanin asusunka daga CSCS kai tsaye, ka gwada da abin da dillali ya ba ka. In ka ga an sayar da abin da ba ka ce a sayar ba, rubuta ƙorafi ga dillalin a ranar, in bai warware ba ka kai kasuwar, daga nan SEC, kuma akwai kotu ta musamman da ke sauraron shari'un jari.

Sai gidajen da ke da tsofaffin takardun hannun jari a ƙasan akwati, waɗanda marigayi ya saya zamanin da ake cika fom a banki. Buɗe ka gani: a wannan an rubuta Mohammed, a waccan Muhammadu, a ta uku an sa sunan gari a madadin sunan uba, babu wadda ta yi daidai da BVN. Irin wannan saɓani na cikin dalilan da suka sa ribar da ba a karɓa ba ta taru har wajen naira biliyan 190 a 2023. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce wadda ta kai shekara shida ba a karɓa ba a mayar da ita wani asusun amana na gwamnati, amma haƙƙin mai ita bai faɗi ba. Masu farauta sun san da gidajen nan. Sukan zo wa gwauruwa da cewa takardun sun mutu, a ba su a kan ɗan abin da ya samu, ko su karɓi sa hannunta wai za su bi mata. Kada a ba su. Magada su nemi takardar kula da dukiyar mamaci daga kotu, su je wajen dillali mai rajista da magatakardan kamfanin, a gyara suna, a cika fom ɗin da zai sa riba ta riƙa faɗawa banki kai tsaye.

Wanda kuma ya riga ya shiga, yana karanta wannan gabansa na faɗuwa, yau ne ranar aiki, ba ƙarshen wata ba. Kada ka ƙara ko sisi, ko an ce garaɓasa ake yi. Nemi a ba ka kuɗinka gaba ɗaya, uwa da riba, ka ga abin da za a ce. In aka ce sai ka biya kuɗin cirewa, ko haraji, ko na tantancewa, kada ka biya, haka nan duk wanda ya ɓullo daga baya ya ce shi lauya ne ko masanin kwamfuta da zai ƙwato maka in ka ba shi kafin alƙalami. Adana rasit na banki, da lambobin asusun da ka tura wa kuɗi, da saƙonni, da sautin murya, kafin a goge zauren. Sanar da bankinka, ka kai rahoto SEC da EFCC. Sannan ka ɗauki waya ka kira duk wanda ya shiga ta dalilinka, tun daga na cikin gida, ka gaya masa ya dakata kafin ya tura na wannan watan.